Kallo, Zuba Ido da Naɗe Hannu: Sharhi a Kan "Look On"

Duk wanda ya saba buɗe jaridun Turanci na ƙasar nan ya san irin hoton. Gwamna na zaune da biro yana rattaba hannu a kan kasafin kuɗi, kakakin majalisa da kwamishinoni biyu ko uku na tsaye a bayansa, kowa ya ɗan sunkuyo kamar mai son karanta abin da ake rubutawa. A ƙarƙashin hoton akwai layi guda na bayani, sau da yawa kuma da kalmomi biyu yake ƙarewa: gwamna yana sa hannu "while the Speaker looks on". Masu rubuta bayanin hoto sun riƙe wannan magana kamar gadon gidansu, ba kuma wanda ya taɓa jin zafinta. Kakakin majalisa bai yi laifin komai ba. Ya halarta, ya gani, an gan shi, magana ta ƙare.

Juya shafi kaɗan, sai ga labarin wani ƙauye a yankin Faskari ko Sabuwa: 'yan bindiga sun shigo da tsakar dare, sun kore shanu, sun tasa ƙeyar mata da yara, mutanen gari kuma "looked on helplessly". Kalmomin nan biyu ne dai suka dawo, amma yanzu tausayi suke nema. A shafin ra'ayi kuwa wani marubuci ne ya fusata, yana cewa ana kashe talakawa hukuma "looked on", nan kuma tuhuma ce tsagwaronta. Mai fassara labarai a gidan rediyo ba zai iya ba wa wuraren nan kalma ɗaya ta Hausa ba, ko da ya so.

Ɗalibin ajin ƙarshe a sakandare a Ketare, cikin ƙaramar hukumar Ƙanƙara ta jihar Katsina, ta wata ƙofa dabam yake haɗuwa da maganar. Shi a takardar WAEC ko NECO ko JAMB yake cin karo da ita, a sashen da ake ba da jimla mai giɓi a ce a cike. Ga gida yana cin wuta, ga taron jama'a, an rubuta "the crowd looked", sai giɓi, sai zaɓi huɗu: at, on, after, into. Yaron ya san "look" duba ne ko kallo, ya san "on" na nufin a kan. Ya haɗa su a ransa ya samu "duba a kan", ya tambayi kansa: a kan me? Da bai ga abin da za a duba a kansa ba, sai ya zaɓi "at", wadda ya saba da ita tun firamare da malam ke cewa a dubi allo. Ya faɗi. Amsar ita ce "on", kuma abin da ya sa ya guje ta, wato rashin wata kalma a bayanta, shi ne babbar alamar cewa ita ce daidai.

Irin wannan haɗi Turawa ke kira "phrasal verb": aikatau ne mai tafiya da 'yar rakiya, wata gajeriyar kalma irin su on, up, out, off ko by, wadda idan ta manne masa sai ma'anarsa ta sauya, wani lokaci kaɗan, wani lokaci ta yi nisan da ba a gane asalinta. Samuel Johnson, wanda ya fitar da shahararren ƙamusunsa na Turanci a 1755, ya faɗa a gabatarwa cewa irin waɗannan haɗe-haɗe ne suka fi wahalar da baƙon da ke koyon harshen. Sunan da ake kiran su da shi yanzu kuwa sai bayan 1925 ya yaɗu, da Logan Pearsall Smith ya yi amfani da shi a wani littafinsa, ya kuma ce a wurin Henry Bradley, ɗaya daga cikin editocin babban ƙamus na Oxford, ya samo shi.

Bahaushe dai ba shi da bakin ƙorafi, don abin da yake yi wa baƙo da nasa harshen ya fi haka. Kalmar "ci" kaɗai ta isa: ci gaba, ci amana, ci kasuwa, ci bashi, ci zaɓe, ci mutunci, ba tuwo ba miya a ko ɗaya. Ido ya ma fi kusa da batunmu. Wanda ya sa ido a kan abu kula yake da shi, yana bibiya. Wanda ya ƙura ido ya kafa kallonsa wuri ɗaya ko ƙiftawa ba ya yi. Wanda ya zuba ido kuwa ya saki al'amarin, yana jiran ya ga inda zai kwana. A Hausa ido ke tsayawa aikatau ya canja. A Turanci aikatau ke tsayawa 'yar rakiya ta canja. Malamin da ya rubuta sa ido da zuba ido a allo kafin ya rubuta "look after" da "look on" ya rage wa kansa rabin wahala.

Ga yadda take aiki. A ma'anar kallo, "look on" ba ta ɗaukar karɓau. Abin da ake kallon yakan zo ne a wani yanki na jimlar, galibi bayan "as" ko "while". Idan aka ce "They looked on as the thieves drove the cattle away", Bahaushe cewa zai yi suna ji suna gani ɓarayi suka kore shanun. A furuci ma nauyin murya kan "on" yake sauka. Ta kuma bambanta da 'yan'uwanta na kusa. "Look at" juya ido ne zuwa ga abu, kuma dole a faɗi abin. "Watch" bin abu ne da ido na ɗan lokaci, tana kuma iya ɗaukar ma'anar gadi da tsaro. "Look on" ta ƙaro abu biyu: mai kallon yana wurin da ƙafarsa, kuma ba ya cikin abin da ake yi. Matashin da ya biya kuɗi ya shiga gidan kallon ƙwallo a Ƙanƙara "watch" yake yi. Ɗan wasan da ya ji ciwo yana zaune a benci ana lallasa ƙungiyarsa shi ne ya yi "look on". Sai dai a salon kwatance akan miƙar da ita ta shafi duniya baki ɗaya, kamar yadda ake yawan rubutawa game da Ruwanda a 1994, inda aka kashe kimanin mutum 800,000 cikin kwana ɗari, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta rage dakarunta zuwa 270 ana tsakiyar kisan.

Akwai wata "look on" ta biyu da ke rikita ɗalibai, ita kuma tana ɗaukar karɓau, tana tafiya da "as". "They look on him as a father" na nufin sun ɗauke shi uba. Abin sha'awa, Hausa ma ta bi wannan hanya: kallon uba suke yi masa, kallon mahaukaci ake yi wa wane. A wannan ma'anar ana iya musanya "on" da "upon" magana ta ƙara nauyi, amma a ma'anar tsayawa kallo ba a yi.

Daga aikatau ɗin aka samu suna, "onlooker", kalmar da ta haura shekara 400 a harshen. A nan ne Turanci ya fi Hausa rarrabewa. Ɗan kallo a wurinmu ya haɗa kowa: wanda ya tashi takanas ya je filin dambe ko kokawa, wanda ya hau katanga ranar hawan salla, da wanda yana wucewa ne ya tarar mota ta faɗi ya tsaya. Bature ya ware su. Wanda ya je da niyya "spectator" ne, wanda abu ya tarar a hanya ya tsaya "onlooker" ne. Dalilin rabon a fili yake ga duk wanda ya taɓa zama a filin dambe: 'yan kallon can suna cikin wasa dumu-dumu, su ke ihu, su ke zuga, su ke yi wa gwani kari, idan babu su ganga ma ba ta daɗi.

Wajen aikatau kuwa Hausa ce ta rarrabe, Turanci ya dunƙule. "Look on" ita kaɗai tsayuwar mutum kawai take nunawa, ba ta faɗin abin da ke zuciyarsa. Kalmar da ke biye da ita ke yanke hukunci. Idan "proudly" ce, uba ne zaune a gefe ranar saukar karatun ɗansa, baki har kunne. Idan "in horror" ce, mutane ne suka daskare don firgici. "Helplessly" ita ce suna ji suna gani, ba yadda suka iya. Idan aka bar ta tsirara a labarin ta'asa, ba wata kalma a bayanta, mai karatu kan cike giɓin da zargi, wato sun naɗe hannu, sun yi biris, ko a jikinsu. Bahaushe ba ya iya faɗin tsayuwar ba tare da ya bayyana ra'ayinsa a kan mai tsayuwar ba, don kowace kalma da zai ɗauka ta riga ta zo da hukuncinta.

Ƙawarta ta kusa, "stand by", ta fi ta kaifi, ta kuma fi ta yaudara. Idan aka ce mutum "stood by" ana zalunci, laifi ake ɗora masa kai tsaye: yana da ikon hanawa bai hana ba. Amma da an sa mata karɓau sai ta juye gaba ɗaya, "stand by someone" tsaya wa mutum ne a lokacin wuya. Ma'ana ta uku kuma zama cikin shiri ce, irin na janaretan da ke jiran a ɗauke wuta. Daga gare ta aka samu "bystander", wanda ke tsaye kusa da abin da ya faru, sau da yawa ma wanda tsautsayi ya rutsa da shi bai ci ba bai sha ba.

Najeriya ma ta ƙera tata a Turancin buroka. A zamanin Janar Sani Abacha, tsakanin 1993 da 1998, Cif Bola Ige, tsohon gwamnan jihar Oyo, ya ƙi shiga jam'iyyun da gwamnatin soja ta yi wa rajista, ya kira matsayinsa "siddon look", zauna ka yi kallo. Wannan zuba ido ne na ganganci, irin na dattijon da ya ce mu dai mun zuba ido, kowa kuma ya san bai yarda da abin da ake yi ba.

Duk wannan zai iya zama darasin aji kawai, in ba don inda Ketare take ba. Gunduma ce a masarautar Katsina, hakiminta na riƙe da sarautar Kanwan Katsina, tana kuma cikin yankin da aka fi shekara goma ana fama da ɓarayin daji. Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa na cikin ƙananan hukumomi takwas da aka daɗe ana lissafawa a matsayin na bakin daga, tare da Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa da Dandume. A irin wannan wuri, tambayar wa ya tsaya kallo tambaya ce ta rai da mutuwa.

Daren Juma'a 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka afka wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka tasa ɗaruruwan ɗalibai a gaba suka nausa daji da su a ƙafa. A ranar ne Shugaba Muhammadu Buhari ya iso Daura don hutu, a jiha guda. Iyaye suka cika harabar makarantar kwana da kwanaki. Sai ranar 17 ga wata aka sako yara 344 ta ɓangaren Zamfara, washegari aka kai su gidan gwamnati a Katsina, da yawansu ba takalmi, ƙura ta yi musu buɗu-buɗu. A kwana shidan nan, mai rubutu da Turanci yana iya cewa iyaye "looked on", ya ce gwamnati "looked on", ya ce duniya "looked on", nahawu bai kama shi da laifi ko sau ɗaya ba. Mai rubutu da Hausa ba shi da wannan mafaka. Uwar da ta kwana a bakin ƙofar makaranta ba za a ce ta zuba ido ba, balle naɗe hannu. Idan kuma ya ce gwamnati ta naɗe hannu, to ya shigar da ƙara, sai ya shirya jin amsar Gwamna Aminu Bello Masari na lokacin, wanda ya ce ana tattaunawa da masu garkuwar ta hannun masu shiga tsakani, har aka kai ga sako yaran.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bincike a kan ɗan kallo, kuma labarin da ya tayar da binciken shi kansa darasi ne game da kalma. Ranar 13 ga Maris 1964 aka kashe wata mata mai shekara 28, Kitty Genovese, a kusa da gidanta a unguwar Kew Gardens ta birnin New York. Mako biyu bayan haka jaridar New York Times ta buga cewa maƙwabta 38 sun ga abin ba wanda ya motsa. Amurka ta girgiza. John Darley da Bibb Latané suka shirya gwaji suka wallafa a 1968: an sa ɗalibi yana jin muryar wani ta na'ura kamar farfaɗiya ta kama shi. Idan ɗalibin ya ɗauka shi kaɗai ke ji, kashi 85 cikin 100 sukan tashi neman agaji. Idan ya ɗauka akwai wasu mutum huɗu da ke ji, sai adadin ya faɗo zuwa kashi 31. Kowa na jiran wani ya fara.

Daga baya aka gano labarin jaridar ya yi gishiri. Mafi yawan maƙwabtan ba su ga kisan ba, wasu ihu kawai suka ji a cikin dare suka ɗauka faɗan masoya ne ko na mashaya, an kira 'yan sanda, wata maƙwabciya kuma ta fito ta rungume matar har motar asibiti ta iso. Jaridar da kanta ta amince da hakan a 2016. A 2019 kuma Richard Philpot da abokan aikinsa suka duba faifan kyamarorin tsaro na faɗa 219 a titunan Amsterdam, Lancaster da Cape Town, suka tarar cewa a tara cikin goma akwai aƙalla mutum ɗaya da ya shiga tsakani. Shekara hamsin ana yi wa mutanen wata unguwa kallon marasa imani saboda yadda wani ɗan jarida ya tsara jimlarsa.

Ko da binciken Darley da Latané ya tsaya da ƙafarsa, ɗauko shi a ɗora wa ƙauyukan Ketare kuskure ne. Ɗalibin da ke ɗakin gwaji ba abin da zai rasa idan ya tashi, illa ɗan jin kunya in ta tabbata ba komai. Manomin da babura talatin suka gitta ta gefen gonarsa, kowane da mutum biyu da bindiga, fartanya ce a hannunsa. Ko ɗaga waya ya yi, bai san wa ya gan shi ba. Ga kuma wani ɗan kallon da ƙamus bai tanadar masa gurbi ba, wanda mutanen yankin ke kira infoma. Yana nan cikin taro, a kasuwa, a majalisar mai shayi, a wurin jana'iza, tsayuwarsa irin ta kowa, amma shi ya san wa ya sayar da buhu nawa na masara, wa ɗansa ya turo kuɗi daga Legas. Tsoronsa ne ke rufe bakin da yawa daga cikin waɗanda ake zargi da zuba ido.

Al'adar wurin ma ba ta yarda da tsayawa kallo ba. Idan gobara ta tashi a ƙauye, kururuwa ɗaya ta isa, mai bokiti da mai tulu da mai ƙwarya kowa ya fito, wanda ya harɗe hannu yana kallo kuma sai an daɗe ana yi da shi. Wannan ɗabi'a ta kawo ɗauki ce ta haifi 'yan sa-kai, da alherinsu da ɓarnarsu, har hukuma ta haramta su saboda kisan da ake zarginsu da yi ba shari'a. A farkon Fabrairun 2023, 'yan sa-kai daga ƙauyukan Bakori suka bi sawun shanun da aka sace, aka yi musu kwanton ɓauna a dajin 'Yargoje cikin ƙaramar hukumar Ƙanƙara. 'Yan sanda suka ce mutum 41 aka kashe. Waɗannan su ne mutanen da suka ƙi tsayawa kallo, kuma duk wanda ya ga gawarwakinsu ba zai yi saurin kiran wanda ya zauna gida matsoraci ba.

Yaran Islamiyya sun san wani rabo da ya fi na ƙamus zurfi. Hadisi na 34 a Arba'una ta Imam Nawawi, wanda Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri, ya jera matakan kawar da ɓarna: da hannu ga mai iko, da harshe ga wanda bai iya da hannu ba, da zuciya ga wanda wannan ma ya fi ƙarfinsa. Sharaɗin kowane mataki shi ne iyawa. Mutum biyu na iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa, kyamara ta ɗauke su iri ɗaya, Bature ya ce dukansu "looked on", alhali ɗaya zuciyarsa na tafasa, ɗayan ko a jikinsa.

Dokokin ƙasashe su ma sun rabu. A Faransa, wanda ya ƙi taimakon mutumin da ke cikin haɗari, alhali zai iya ba tare da ya jefa kansa ko wani a haɗari ba, yana iya shan ɗaurin shekara 5 da tarar yuro 75,000. A Ingila kuwa, a bisa asali doka ba ta tilasta wa mai wucewa ya ceci wanda ba ya ƙarƙashin kulawarsa. A nan gida abin da ya daɗe yana daskarar da mutane a bakin titi shi ne tsoron daga taimako a koma wanda ake tuhuma: ka kai mai rauni asibiti a ce sai da takardar 'yan sanda, ka je wurin 'yan sanda a ce zauna tukuna. Dokar da Buhari ya sa wa hannu a ƙarshen 2017 ta wajabta wa asibitoci karɓar wanda aka harba ba tare da jiran wannan takarda ba, ta kuma hana a takura wa wanda ya kawo shi da tambayoyin da ba su da dalili. Direbobin hanyar Funtuwa zuwa Gusau da suka san da zaman dokar su ne abin ƙirgawa.

Wayar hannu ta ƙara dagula lissafin. Yanzu da wuya a ga ɗan kallo hannu sake, kowa ya ɗaga waya, kuma ba abin da ya fi baƙanta rai kamar bidiyon mai neman agaji da mutum ashirin ke ɗauka ba mai miƙa hannu. Amma wannan wayar ce Darnella Frazier, yarinya 'yar shekara 17, ta ɗaga a Minneapolis ranar 25 ga Mayu 2020, ta ɗauki yadda ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd har ya mutu, bidiyonta ya zama hujja a kotu. A Hausa ta tashi daga 'yar kallo ta koma ganau, ta koma shaida. Mutanen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa sun ɗanɗana rashin wannan dama a watan Satumban 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar don toshe wa ɓarayi hanyar sadarwa. Wata uku, wanda ya gani ba shi da hanyar faɗa wa kowa sai ya yi tafiya zuwa inda akwai sabis.

Gwamnatoci biyu a jere sun nemi fitar da jama'a daga sahun 'yan kallo, kowace da salonta. A 2021 Masari ya fito fili ya ce mutane su nemi makami su kare kansu, maganar da ta tayar da ƙura a ƙasa baki ɗaya. Magajinsa, Dikko Umaru Raɗɗa, ya ƙaddamar da rundunar tsaro ta jiha a watan Oktoban 2023 da matasa kimanin 1,500 daga yankunan da abin ya shafa. Sunan da aka ba ta, Community Watch Corps, wanda bakin jama'a ya gajarce zuwa C-Watch, ya faɗo daidai kan darasin da ke sama: "watch" aka zaɓa, kallon mai gadi, wanda a Hausa sa ido ne.

Sai kuma wani irin taro da ya bayyana a 2025, lokacin da ƙananan hukumomi da dama na jihar suka shiga sulhu da shugabannin daji. A watan Satumba aka yi na Faskari a Hayin Gada. Cikin waɗanda suka halarta har da Ado Aleru, mutumin da 'yan sandan Katsina suka sa ladan naira miliyan 5 a kansa a 2020, bayan harin da aka kai ƙauyen Kadisau na wannan ƙaramar hukuma aka kashe mutane da dama. Bidiyoyin taron sun yi yawo a Facebook da WhatsApp: 'yan daji da bindigoginsu a rataye da jigidar harsasai, masu riƙe da sarauta da jami'an ƙaramar hukuma a zazzaune, makirfo na zagayawa, jama'a kuma sun yi da'ira, manya a gaba, samari a baya sun ɗaga wayoyi.

Wakilin jaridar Turanci ya gama aikinsa da layi ɗaya, shugaban 'yan daji yana jawabi "as residents looked on". Takardar ta iso teburin mai fassara minti goma kafin labaran yamma. Idan ya ce jama'a na kallo, ya mai da taron wasan dambe. Idan ya ce sun zuba ido, ya sa musu shakka da jiran abin da zai biyo baya, wataƙila kuma haka ne ga mafi yawansu, tun da damina ce, amfanin gona na tsaye, kowa na son ya shiga gonarsa ya fito lafiya. Idan ya ce suna ji suna gani, ya tuna da waɗanda ke tsaye a da'irar nan da suka binne 'yan'uwansu a Kadisau shekara biyar kafin taron. Mai gabatarwa ya riga ya shiga ɗakin watsa labarai, yana ƙwanƙwasa gilashi yana nuna agogo.